Mesa ta ƙi ɓera sati tara: yunwa ce ko sanyin Damagaram?

Wata Juma'a cikin Janairu, ina dawowa daga masallaci, na iske ɗan yayata zaune a zaurenmu na Birni ya haɗa kai da gwiwa. Ɗalibi ne a jami'a. Tun ƙarshen damina ya sayi ƙaramar mesa a hannun wani direba mai zuwa Kwatano, don ya daɗe yana ganin tawa yana sha'awa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, sati tara ke nan ba ta sa komai a baki ba. Da farko ta ci sau uku, daga nan ta rufe baki. Na ba ta ɓera ta ƙi, na fasa mata ƙwai ta ƙi, jiya har madara na zuba mata a murfi. Wallahi tsoron alhakinta nake ji."

Tsoron nan nasa ya yi mini daɗi. Duk wanda ya taɓa zama gaban malam ya ji hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai da yawa ba su ga amfanin ajiye maciji a gida ba, kuma mai niyyar ajiyewa ya fara zuwa ya tambaye su. Amma wadda ta riga ta shiga akwatinka, ranta na wuyanka, sai ka san yadda jikinta yake aiki.

Maganata ba ta shafi gamsheƙa ko kumurci ko kasa ba, balle kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Waɗannan ba abin ajiyewa ba ne a gidan da ke da yara. Wadda nake nufi ita ce ƙaramar mesar nan marar dafi, mai dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya in ta tsorata. Masana na kiranta Python regius. Tsawonta yakan tsaya tsakanin mita 1 zuwa mita 1 da rabi, macen ta fi namijin kauri, kuma in an kula da ita takan yi shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na Saint Louis da ke Amurka ma, wata mai shekara 62 ta saka ƙwai a 2020. Ita ce aka fi ajiyewa a gidaje cikin jinsin mesa, kuma ita ce ta fi suna wajen ƙin cin abinci.

Kafin mu tashi daga zauren sai ga mahaifiyarsa ta kira ni a waya. "Ai ni na gaya masa," in ji Yaya, "auna shi take yi. Ba ka ga labarin matar nan a WhatsApp ba?" Labarin kowa ya san shi: wai wata mata tana kwana da mesarta, mesar ta daina ci, tana miƙewa kusa da ita da dare, likitan dabbobi ya ce yunwa take tarawa tana auna tsawon matar don ta haɗiye ta. Ana yaɗa shi don a yi wa mutane gargaɗi kan abokin da ke kusa da kai yana shirya maka sharri. A matsayin wa'azi ya yi, amma a maganar halittar maciji ƙirƙira ce. Mesa ba ta shirin abinci na wata guda, ba ta gwada tsawo. Ganima ta gitta, ta ji ɗuminta da warinta, ta kai sara, shi ke nan. In ta miƙe jikin mutum, ɗumi take nema. Kuma wadda ake magana a kanta nauyinta bai kai na kaza babba ba.

Kuskurenmu shi ne muna auna cikin maciji da namu. Ni da kai da akuya da kaza, jikinmu ne ke hura wa kansa wuta dare da rana, shi ya sa mafi yawan abin da muke ci a ɗumama jiki yake tafiya. Maciji ba ya wannan aikin. Daga ƙasa da rana yake aron zafi, don haka abin da yake bukata bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da dabba mai gashi mai nauyinsa take bukata ba.

Abin ya ma wuce nan. A shekarun 1990, masana biyu a Amurka, Stephen Secor da Jared Diamond, sun bi abin da ke faruwa a cikin mesar ƙasar Bama ta nahiyar Asiya bayan ta ci. Tsakanin ci da ci, tumbinta a kashe yake kamar murhun da aka janye wa itace: ba ruwan tsami, hanji ya tsuke. Da ta haɗiye ganima sai komai ya tashi a lokaci guda. Ruwan ciki ya yi tsamin da ke narkar da ƙashi, ƙaramin hanji ya kumbura ya kusan ninka nauyinsa cikin kwana biyu zuwa uku, iskar da jiki ke ja ta ninka, har ta kai ninki 40 in ganimar ta yi girma ƙwarai. Wani binciken na 2005 ya nuna tsokar zuciyarta ma takan ƙaru da kashi 40 cikin 100 a kwana biyu. In abinci ya narke, komai ya koma yadda yake. Ke nan cin abinci a wurin mesa aiki ne mai tsada, sai ta kashe kafin ta samu. Ba ta hura wannan murhu sai ta tabbata za ta iya kai girkin ƙarshe.

Rashin ci kuwa ta san kansa. A 2007 wani masani a Jami'ar Arkansas, Marshall McCue, ya hana macizai 62 abinci har kwana 168, cikinsu akwai irin wannan mesar tamu. Sun rage ƙona abin da ke jikinsu, wasu har da kashi 72 cikin 100, suna cin kitsen da suka tara sannu a hankali, kuma duk da haka suna ƙara tsawo. Babbar mesa mai lafiya takan yi wata uku, huɗu, har shida ba ta ci ba, ta tashi garau. Ƴar ƙarama wadda ba ta daɗe da fitowa daga ƙwai ba ita ce ba ta da wannan ajiyar. Nauyinta bai fi giram 60 zuwa 80 ba, in ta yi sati uku zuwa huɗu ba ta ci ba a tashi tsaye.

Shi ya sa na ce wa yaron ya daina ƙirga sati, ya je ya aro sikelin da matan gidansu ke auna fulawar cincin. Muka tafi ɗakinsa a Garin Malam, muka sa ta cikin jakar yadi muka ɗaure baki, muka ɗora: giram 1,150 bayan an cire nauyin jakar. Na ce ya rubuta a bangon littafi, ya riƙa maimaitawa duk sati biyu. Ƙa'idar da masu kiwonta ke bi mai sauƙi ce. Muddin ba ta zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinta ba, wato giram 115 a tata, kuma tana fitar da harshe, tana riƙe hannu da ƙarfi in an ɗauke ta, ba a shiga haɗari ba. Ido ma yana auna ta. Mai ƙoshin lafiya bayanta a zagaye yake, ƙashin bayan ba ya tsini. Wadda ta rame za ka ga ƙashin ya fito kamar doron rufin kwano, gefen jiki ya faɗa, fata ta yi yaushi.

Tasa ba ta rame ba. Amma da na durƙusa na taɓa gindin akwatin na san inda gizo ke saƙa. Akwatin roba ne, an ajiye shi kan daɓen siminti, ƙarƙashin taga. Na bar masa ma'aunin zafi na ce ya duba bayan sallar asuba. Ya aiko mini da hoto: digiri 17.

Nan ne mutanenmu suke ruɗuwa, kuma nan nake son a tsaya. Ana cewa ai macijin Afirka ne, mu ma a Afirka muke, me zai dame shi? Inda wannan mesa ta fi yawa kudu da mu ne, dazuzzukan ciyawa da gonakin Togo, Benin, Gana da Najeriya, inda ruwan sama ya ninka namu sau biyu ko uku. Can ɗin ma ba a fili take wuni ba. Cikin ramin ɓera ko tsohon suri take shigewa, inda zafi da laima ba su cika canzawa tsakanin dare da rana ba, sai dare ya yi ta fito. Damagaram kuwa, daren Disamba da Janairu yakan sauka digiri 14 ko 15, wani lokaci ƙasa da haka, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 in hunturu ya kankama, har leɓen mutum ya tsage. Afrilu da Mayu su zo da digiri 40 da ɗoriya. Duka biyun sun fita daga abin da jikinta ya sani. Abin da take so shi ne gefe guda na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen ya tsaya 25 zuwa 27, ta riƙa kai da komo tsakaninsu yadda ta ga dama, laima kuma kashi 55 zuwa 70.

A digiri 17 ruwan cikinta ba ya aiki. In ta haɗiye ɓera a wannan sanyi, ɓeran zai fara ruɓewa kafin ta narkar da shi, ko ta amayar ko ya kashe ta. Ƙin cin da yaron ke kuka da shi, shi ne ya tsare mata rai.

Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. Muka ɗaga akwatin kan katako, muka janye shi daga taga, aka lulluɓe gefe uku da tsohon bargo, ramukan iska a buɗe. Mai hali ya sayi tabarmar ɗumi ta lantarki, amma lallai da na'urar da ke yanke wuta in zafin ya kai, don maciji ba ya saurin jin ƙuna a cikinsa, yakan kwanta kan abu mai zafi har fatarsa ta saɓule. Kuma wuta kan ɗauke cikin dare. Abin da ni nake yi shekara bakwai ke nan: jarkar ruwan zafi, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta da gefe guda na akwatin daga waje bayan isha'i, a sake ta da asuba. Kada a kai kaskon gawayi ɗaki a rufe, ba don macijin kaɗai ba. Maganar laima kuma, faffaɗan kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba, da ƙaramin mazubi mai murfi da aka huda wa ƙofa aka sa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a ciki.

Sai maɓoya. Akwatin yaron fili ne fetal, jarida a ƙasa da kwanon ruwa, don yana son ya riƙa ganinta, abokansa ma su gani. Dabbar da ta saba da ramin da ke taɓa jikinta ta kowane gefe, ka ajiye ta a fili ana leƙe, kullum a tsorace take, kuma mai tsoro ba ya ci. Bayan ta haɗiye ganima jikinta yakan yi nauyi, ba ta iya gudu, don haka ba ta yarda ta ci sai inda ta amince. Ban ga abin da ya kai tukunyar ƙasa irin ta Mirya ba. A sami ƙarama, a fasa mata ƙofa a baki, a goge kaifin da dutse, a kife. Biyu ake so, ɗaya gefen ɗumi ɗaya gefen sanyi, don kada ta zaɓi ɓuya ta bar ɗumi. Ta yi mata cif, ba wadda za ta yi iyo a ciki ba. Amfanin tukunyar ya fi fitowa da bazara: ka yayyafa mata ruwa ta waje, ta yi sanyi irin na randa. A watannin nan zafi ya fi sanyi saurin kisa. Ɗakin kwano da azahar, ko akwatin gilas da rana ta faɗa wa ta taga, sa'a guda ta isa. Daga digiri 35 zuwa sama ba tare da wurin fakewa ba, ta shiga wahala, kuma a lokacin ma takan ƙi ci. A kai ta ɗakin ƙasa mafi sanyi a gidan, a sauke akwatin kan daɓen da muka ɗaga shi daga kai da hunturu.

Akwai ƙin ci wanda ba laifin kowa ba ne. In za ta yi saɓa, launinta ya dushe, cikinta ya yi ja-ja, idanu su yi fari kamar an ɗiga musu madara. Ba ta gani sosai, ba ta son taɓi. Sati ɗaya zuwa biyu ta tuɓe, a bar ta. Ƙanana kan yi haka duk sati huɗu zuwa shida, manya sau kaɗan a shekara. Saɓar da ta fita guntu-guntu ta maƙale a ido da wutsiya, hunturu ne ke gaya maka laima ta yi kaɗan. Haka kuma daga ƙarshen damina zuwa cikin sanyi lokacin barbararsu ne, balagaggen namiji yakan manta da abinci wata da watanni, ko da babu mace kusa. Macen da ta saka ƙwai kuma tana naɗe da su kusan wata biyu ba ta ci.

Ƙwai da madarar da yaron ya ba ta kuwa, daga tatsuniya suka fito. Maciji ba ya narkar da madara, kuma wannan mesa ba maciyar ƙwai ba ce. Abincinta dabba ce sukutum, da gashi da ƙashi da kayan ciki, daga nan take samun duk abin da jikinta ke so. Tsokar nama daga mahauta ba ta wadatar. Wadda aka kamo daga daji, kamar mafi yawan waɗanda ke biyo hanyar Kwatano, takan ƙi farin ɓeran kiwo don ba warinsa ta sani ba. Ɓeran gona ta saba da shi. Wani bincike da aka yi a kudu maso gabashin Najeriya aka buga a 1998 ya nuna mazan sun fi cin tsuntsaye, matan sun fi cin ɓeraye. Don haka in namiji ya ƙi ɓera, ɗan tsako na iya buɗe masa baki, ko a goga ɓeran a jikin ɗan tsakon ya ɗauki warinsa.

Amma ina roƙon kowa da Allah, kada a ɗana tarko a rumbu ko kasuwa a kawo mata. Ɓeran gari na iya kasancewa ya ci maganin ɓera bai riga ya mutu ba, gubar ta wuce cikin macijin. Yana ɗauke da tsutsar ciki. Mafi muni, ɓeran gonar nan mai yawan nonuwa shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take kama mutum. Wanda zai riƙe mesa shekara ashirin ya tanadi kejin fararen ɓerayen kiwo nasa, ko ya san mai ƙyanƙyasar kaji. Kuma duk sanda aka taɓa macijin ko kwanon ruwansa a wanke hannu da sabulu, don masu jan ciki na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa, ta fi tsanani ga ƙananan yara da masu ciki.

To, sau nawa ake ba ta? Ƴar ƙarama, daga ƙyanƙyasa zuwa wajen giram 300, duk kwana 5 zuwa 7. Mai tasowa, har ta kai kusan kilo guda, duk kwana 7 zuwa 10. Babba kuma duk sati biyu, wadda ta gama girma har sati uku zuwa huɗu ya ishe ta. Guda ɗaya ake bayarwa, kaurinsa ya yi daidai da inda jikinta ya fi kauri. Mai sikeli ya auna: kashi 10 zuwa 15 na nauyinta ga ƙarama, kashi 5 zuwa 7 ga babba. Ni a ganina, masu kashe mesa da ƙoshi sun fi masu kashe ta da yunwa. Mutum na jin daɗin kallon ta tana haɗiya, sai ya mayar da shi wasan kowane sati, a tara abokai a ɗauki bidiyo. Kitse ya taru a ciki da hanta, fata ta buɗe tsakanin ɓawo da ɓawo, jiki ya yi zobe-zobe in ta lanƙwasa. Irin wannan in ta rufe baki wata uku, hutu jikinta ke nema.

Yadda ake miƙa abincin ma yana da nasa. Yaron ya ce kullum da safe kafin ya tafi makaranta yake jefa mata ɓera mai rai, ya dawo da yamma ya fitar. Abu uku ya ɓata a nan. Safiya lokacin barcinta ne. Tayin kullum takura ne, ƙara rufe mata baki yake yi. In ta ƙi, a jira sati ɗaya zuwa biyu kafin a sake. In ɓera mai rai ne kuma, macijin da ba ya jin ci ba ya kare kansa, sai dai ya dunƙule, ɓeran ya hau shi da gwaguya. Na taɓa ganin wadda aka ci wa baya har ƙashi ya bayyana, dare ɗaya aka bar su tare. A kashe ɓeran da gaggawa ba tare da azabtarwa ba, sannan a bayar ko a ajiye a firji ya daskare. In za a bayar, a sa shi a leda ya saki cikin ruwa, a tabbata cikinsa ya yi laushi babu sauran ƙanƙara, sannan a tsoma kansa a ruwan ɗumi ya ɗan fi zafin jikin mutum. A leɓenta na sama akwai ƙananan ramuka a jere, da su take jin ɗumin ganima cikin duhu. Ɓera mai sanyi a wurinta kamar dutse ne.

Bayan ta ci kada a ɗauke ta kwana biyu. In ta amayar, kuma warin ba ya ɓoyuwa, a jira kwana 10 zuwa 14 maƙogwaro da ciki su warke, sannan a ba ta wanda bai kai na da ba. Maganar buɗe mata baki da ƙarfi a tura abinci, wadda wani abokin yaron ya ba shi shawara, garin neman gira ne a rasa ido. Haƙoranta sirara ne masu lanƙwasa baya, suna karyewa, baki ya ƙwaɓe, tsoro ya ninka. Aikin likitan dabbobi ne, shi ma sai in dabara ta ƙare.

Likita ake nema ba jira in ƙin cin ya zo da ɗayan waɗannan: numfashi da baki a buɗe, ko fito da kumfa da yauƙi a hanci da baki, wanda sanyi ke jawowa, dasashi ya kumbura ya yi ja ko ya tara mugunya, kashi mai ruwa da wari ko jini, rama mai sauri, kai yana karkacewa ko ta kasa juyowa in an kwantar da ita rigingine. A duba kuma ƙarƙashin haɓa da gefen ido. Kaska kan biyo waɗanda aka kamo daga daji, akwai kuma ƙananan ƙwari baƙaƙe kamar garin barkono masu shan jini, in ta yawaita kwanciya cikin kwanon ruwa za ka gan su a ƙasan kwanon. Likitocin dabbobinmu sun fi sabawa da shanu da raƙuma da awaki, amma duba kashi a madubin likita don neman ƙwan tsutsa aiki ne da suke yi kullum. Abin da ba a yi shi ne a ɗebi maganin tsutsa ko na kaskar awaki a ba maciji da ka. Ma'auninsu ba ɗaya ba ne, wasu ma guba ne gare shi.

Yaya ta so a kai ta bayan gari a sake cikin duwatsu kowa ya huta. Na ba ta haƙuri na ce wannan kisa ne da wani suna. Ba ta san ramukan nan ba, fari zai busar da ita, in kuma ta leƙa gona sanda ce za ta tarye ta. Wanda ya gaji da riƙo ya nemi ma'aikatan gandun daji. Su ne ma ya kamata a fara gani tun kafin saye, don wannan mesa na cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba a tsallaka iyaka da ita sai da takarda, Nijar kuma na da dokar farauta da kare namun daji ta 1998. Dubun dubata ake fitarwa kowace shekara daga Togo da Benin da Gana zuwa Turai da Amurka, har masana sun fara nuna damuwa kan raguwarta a daji.

Yaron ya bi abin da muka tsara. Ya daina fito da ita, ya hana abokai leƙe, jarka dare da asuba, tukwane biyu a kife. Sikeli ya ce 1,140, bayan sati biyu 1,125. Sau uku ya yi tayi, sau uku ta juya kai. Cikin Fabrairu ta yi saɓa, ta fita guda ɗaya tun daga hanci har wutsiya, kamar safa da aka tuɓe a juye. Ya kawo mini ita cikin leda yana murna, na ce laima ta daidaita, saura ɗumi ya shigo gari.

Sati na biyu na Maris, da iska ta fara sauyawa, ya kira ni ya ce kwana biyu ke nan tana fito da kai bakin tukunya da magariba, wuya a lanƙwashe, harshe na fita ba tsayawa. Na je bayan isha'i. Muka kashe fitila, muka bar hasken waya a kife kan tabarma. Ya ɗauko ɓeran daga ruwan ɗumi, ya tsane shi da tsumma, ya kama shi da dogon hantsaki ta ƙeya, ya sauke shi kamar taƙi guda daga bakin tukunyar yana ɗan girgizawa. Na raɗa masa, "Kada ka taɓa mata fuska da shi, bar ta ta zo." Harshen ya fita sau biyar ko shida. Kan ya ja baya kaɗan. Saran bai ba mu damar gani ba, sai dai muka ga ta naɗe shi zobe biyu, hantsakin ya kuɓuce daga hannunsa. Muka mayar da murfi a hankali muka fita tsakar gida. Bayan rabin sa'a ya leƙa, sai wutsiyar ɓeran ce ke shigewa.

Sati goma sha shida ta yi ba ta ci ba, abin da ta zubar daga ranar da muka fara aunawa giram 40 ne. Ya rubuta kwanan watan a bangon littafin, ya ƙirga sati biyu gaba ya sa alama. Kafin in tafi muka zaga gidan da fitila muna neman ɗakin da ya fi sanyi da rana, muka tsaya kan tsohon ɗakin ƙasa na kakarsa da ke fuskantar arewa, inda randunan ruwa suke. Can za a mayar da akwatin kafin Afrilu ya kama.